Bishiyar da Ba Ta Cikin Lambu

3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Karambani,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da aikin da ya kai ki inda ba ma ganinki. Mu nan lafiya lau. Autata tana kan kekenta na ɗinki daga safe har la'asar, ta ce in gaishe ki. Ni ma alhamdu lillahi, sai dai kunne da ya ƙara nauyi, shi ya sa nake rubutu maimakon in kira ki mu yi ta "me kika ce?" Hannun dama ma yana yi mini tsami kwanan nan, in kin ga rubutu ya karkace ki yi haƙuri.

Rabon da in rubuto miki tun rasuwar mahaifiyarki, shekara huɗu ke nan. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ba ta taɓa nuna mini ba ciki ɗaya muka fito ba. Laifin shirun nawa ne.

Lambu yana nan. Bana na aurar da mangwaro ɗari biyu da lemo ɗari da hamsin, goma sha ɗaya kawai suka ƙi kamawa. Duk sanda na ɗaure leda a kan sabon aure sai na tuna hutun da kika yi a wurinmu kina 'yar shekara tara, da kika bi dashe goma sha biyu kika kwance musu ɗauri a kwana na biyar don ki ga abin da ke faruwa a ciki. Dukansu suka mutu, ke kuma kika samu suna. Ga shi yanzu leƙen cikin tsiro ya zama aikinki, har ana ce miki Dakta.

To, Dakta, ga tambaya. Akwai wata tsohuwar bishiya a wurina, ta kusa sa'ata. Wani ƙullutu ya fito mata daidai inda babban reshe ya rabu da jiki. Da na fara lura da shi bai wuce ƙwayar wake ba, yanzu wata biyar ya kai ƙwan kaza. Tauri gare shi, ba ya motsi in an taɓa, ba ya tsiyayar da komai. Bishiyar ta rage ganye amma tana tsaye. Na san farin naman nan da ke fitowa a bakin aure, wanda yake haɗa reshe da gindi, daga baya ya zama itace. Shekara arba'in muna tare da shi, kullum alheri ne. Shin wannan ma danginsa ne? A sa masa wuƙa ko a bar shi? Wasu sun ce a yanke. Ni kuwa bishiyoyin da na ga yanka ya kashe sun fi waɗanda ƙullutu ya kashe.

Ki ba ni amsa a rubuce, yadda zan karanta in sake karantawa.

Kawunki,
mai auren bishiya


21 ga Fabrairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Da na ga rubutunka a bayan ambulan, a tsaye na karanta, jaka a kafaɗa. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ka. A gaishe mini da Auta. Laifin shiru kuwa kaso mafi girma nawa ne, ni ce ƙarama.

Dashen nan goma sha biyu ban manta ba. Ban kuma manta cewa ba ka doke ni ba, sai dai ka sa na cika leda ɗari da ƙasa.

Tambayarka ta faɗo daidai kan teburina. Inda nake wuni ɗaki ne marar taga a hawa na uku, da kantoci har rufi, kowace kanta da farar fitila a samanta da ƙananan farantan gilashi masu murfi. A cikin kowane faranti akwai ɗan dunƙulen farin nama, irin wanda kake gani a bakin aure. Shi nake kiwo. Kai kana jira ya zama itace, ni kuma ina binciken yadda yake sanin abin da zai zama.

Ga abin da muka sani. Jikin bishiya, kamar namu, tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Ta saiwa da ta ganye da ta fure duk ƙwayoyin gado iri ɗaya suke ɗauke da su, dubbai, babu wadda aka rage wa ko ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne ne a kunne, waɗanne a kashe. Kuma babu wani babba da ke zaune yana kunnawa. Su ya su suke yi: wannan ta kunna uku, ɗaya cikin ukun ta kashe biyar, ɗaya cikin biyar ɗin da ma ita ke danne ta farko. Haka suke riƙe da juna kamar saƙar raga. In ragar ta zauna a wani tsari, ƙwayar halittar ta zama ta saiwa, kuma a haka za ta tsaya har ta mutu. Aikina shi ne zana taswirar wa ke kunna wa, wa ke kashe wa. Shekara shida ina kai, ƙwayoyin gado talatin da ɗaya kawai na iya haɗawa, biyu daga ciki ma ban gama yarda da su ba.

Idan ka sa wuƙa, ƙwayoyin da ke bakin rauni sai ragarsu ta saki. Su manta ko su waye, su shiga rabuwa, su cike gurbin. Shi ne farin namanka. Daga nan maƙwabta su tuna musu, su zama jijiyoyin ruwa da ɓawo, su tsaya. A farantaina ni ce maƙwabciyar. Akwai sinadarai biyu da tsiro ke yi da kansa. In na rinjayar da ɗaya, dunƙulen ya fid da saiwa. In na rinjayar da ɗayan, ya fid da ganye. In na daidaita su, ya yi ta girma ba siffa.

Ƙullutunka kuwa, e, danginsa ne, amma dangi marar jin magana. Galibi wata ƙwayar cuta ce ta ƙasa take shiga ta rauni, ta cusa nata ƙwayoyin gadon, su sa wurin ya yi ta yin sinadaran nan biyu ba tsayawa. Sai dai ga abin da zai kwantar maka da hankali: ba ya tafiya. Kowace ƙwayar tsiro a cikin bango take, manne da ta kusa da ita, ba ta da hanyar tashi ta koma wani reshe. Inda ƙullutu ya tsiro, nan yake ƙarewa. Ƙaramin dashe yana iya wahala da shi, amma tsohuwar bishiya takan yi shekaru da nata tana 'ya'ya. Ka bar shi, Kawu. Kada ka bari kowa ya sa masa wuƙa, rauni kawai za a ƙara. Ganyen da ta rage kuwa, duba ruwa.

A ƙarshen barandarmu akwai masu binciken ciwon daji. Taswirarsu da tawa kamar 'yan ɗaki ɗaya, har mukan ari dabarar juna, amma akwai inda muka rabu. Takarda ta cika, wani jiƙon zan ba ka labarin.

Daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Yuni ina gonar gwaji, can inda waya ba ta kamawa. Wasiƙa za ta jira ni a ofis. Hannun nan kuma a rage masa aiki, a shafa man zafi.

'Yarka,
Karambani


10 ga Maris

'Yata,

Salamu alaikum. Takardarki ta same mu lafiya. Na karanta ta sau huɗu. Maganar ragar nan ta shige ni. Ashe shekara arba'in ina ɗaure leda a kan abin da ban san yadda yake aiki ba.

Kin sauke mini kaya, Allah ya yi miki albarka. Da ma Litinin ɗin da ta wuce aka sa ranar wuƙa, sai na aika na ce an fasa, Dakta ta hana. Bishiya tana nan, ƙullutunta yana nan, ba mai takura wa wani. Na ƙara mata ruwa kamar yadda kika ce.

Wuri ɗaya na ja wa layi da jan biro: inda ya tsiro, nan yake ƙarewa.

Labarin maƙwabtanki na ƙarshen baranda ki riƙe shi, ba na gaggawarsa. Allah ya kai ki gona lafiya. Ki riƙa sa malafa, kin daɗe a ɗaki marar taga.

Kawunki


16 ga Mayu

Yaya Dakta,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mu ba lafiya ba. Na kira lambarki sau bakwai ba ta shiga, kuma akwai takardar asibiti da nake so ki gani da idonki, shi ya sa na zauna rubutu, ni da ba na riƙe biro sai in zan rubuta awo.

Baba ba shi da lafiya, kuma ya daɗe. Wata ɗaya ke nan na ga rigunansa sun yi masa yawa, na ce zan ɗinka masa sababbi. Na zo da tef zan auna ƙirji, na ce ya ɗaga hannu. Na hagu ya ɗagu, na dama ya tsaya a rabi. Da na zura tef ta hammata sai hannuna ya ci karo da wani abu kamar lemo, tauri kamar dutse.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Auna ki wuce. Tela ce ke ko likita?"

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ki ƙara wa hannun dama faɗi kawai, inci biyu ya isa."

Sai da na yi kwana uku ina kuka a kan keke, na daina yi masa magana, sannan ya yarda muka je asibiti. A can na ji sauran. Ashe tun Janairu ya je shi kaɗai, likita ya gani, aka sa masa ranar aiki a farkon Maris, a cire a auna. Bai je ba. Da likitan ya tambaye shi dalili, sai ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta yi laushi don ninkewa, ya miƙa masa. Takardarki ce. Likitan ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

Ya ce, "Baba, ai wannan maganar bishiya ce."

Baba ya ce, "To ni da me aka yi ni? Ba ƙwayoyin ba ne? Ga shi nan ta rubuta, kamar namu."

Likita ya ce, "Bishiya ba ta da jini, Baba."

Da muka dawo na zaga lambu layi-layi, har tsofaffin da ke jikin katanga. Yaya, babu wata bishiya mai ƙullutu. Ko ɗaya.

An ciri ɗan nama an auna, an ɗauki hoton ciki. Kwafin yana cikin ambulan. Ciwon daji ne. Likita ya ce ƙwayoyin sun canza kama har ba a gane daga wace gaɓa suka taso ba, kuma an gan su a hanta da ƙashin baya. Ya ce da an yi aikin a Maris wataƙila da magana ta bambanta. Wataƙila ya ce, ban ƙara masa ba. Yanzu suna so a fara ƙarin ruwan magani. Baba ya ce ba zai yarda a fesa wa lambu duka maganin ciyawa don tsiro ɗaya ba. Ya ce kina da wasu sinadarai biyu masu tuna wa nama abin da yake, zai jira ki.

Ban san me ya rubuta miki ba. Na dai san abin da kika rubuto, don likita ya miƙo mini na karanta. Ban ce da gangan kika yi ba, amma ke ce kika yi karatu. Ni ba ya jin maganata, har yanzu kallon 'yar goye yake yi mini. Ke yake ji. Ki rubuto ki kwance abin da kika ɗaura.

Auta


12 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Sati huɗu ke nan, kullum sai na leƙa akwatin gidan waya. Ya daina zagaya lambu, a kujera yake wuni ƙarƙashin rumfar dashe, baya ya hana shi tsayuwa. Jiya na ce masa, "Ga Daktarka nan ta yi shiru." Ya ce, "Tana gona, ta faɗa mini. Ke dai kin fiye gudu kamar kekenki."

In gona ce, babu mai leƙa ofishin naki? In kunya ce, ajiye ta, ba ta da amfani a nan. In kuma don mu dangin nesa ne, ki faɗa mini in daina wahalar da kaina.

Auta


2 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ba zan tambayi lafiya ba, na karanta takardar asibiti. Jiya na dawo, na sami wasiƙun Auta biyu ƙarƙashin tarin mujallu. Na kira ta, ta faɗa mini abin da ya kamata in ji. Kai kuma a rubuce ka ce kake so, don ka karanta ka sake karantawa. To ga shi.

Duk abin da na rubuta maka a Fabrairu gaskiya ne game da bishiya. Game da kai ba gaskiya ba ne. Na ce jikinta kamar namu ne, kuma a wurin raga haka ne. Namu ƙwayoyin ma da kunnawa da kashewa suke sanin ko su na hanta ne ko na fata. Ciwon daji ragar ce take lalacewa: masu cewa a rabu su maƙale a kunne, masu cewa a tsaya su mutu. Amma ƙwayar mutum ba ta da bango. Idan ta manta ko ita wace ce, takan manta har da inda aka ajiye ta. Sai ta saki maƙwabta, ta faɗa jini, ta sauka a wata gaɓa. Wannan shi ne labarin da na ce sai wani jiƙon saboda takarda ta cika. Layi huɗu ne, kuma bayan takardar babu komai.

Na kai sakamakonka ƙarshen baranda. Wadda ta duba shekararta ashirin a wannan aiki. Ta karanta sau biyu, ta faɗi abin da likitanka ya faɗa.

Sinadaraina biyu ba za su yi maka komai ba. A jikin tsiro suke aiki, naman mutum ba ya jin su. Kuma farin naman da ke farantaina ragarsa saki ta yi, ba tsinkewa ba, shi ya sa yake dawowa hanya. Don kada ka ji a bakin wani ka sa rai: akwai wani nau'in ciwon dajin jini da ake ba wa magani ya tura ƙwayoyin su ƙarasa girma su natsu. Na tambaya ko naka yana kusa da shi. Ba ya kusa.

Maganin da suke so su ba ka, ka yi gaskiya, zai taɓa mai kyau da marar kyau. Ba zai warkar da kai ba, ba zan sake gaya maka abin da kake son ji ba. Amma yana iya rage ciwon bayan, ya ƙara maka watanni ƙarƙashin rumfarka. Ina roƙonka ka karɓa. Maganata ta Fabrairu na janye ta. In jan biron yana kusa, ka soke layin.

Na ɗauko wasiƙarka ta farko na shimfiɗa a kan benci. Hannun dama yana nan tun a gaisuwa. "Ta kusa sa'ata" yana nan. Inda reshe ya rabu da jiki yana nan. Kai da ka fi kowa sanin bishiya a ce kana tambayar wani ko a yanke, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Amma na ga tambaya a fannina, daga bakinka, bayan shekara huɗu, sai daɗi ya kwashe ni na zauna ina burge ka.

Fasfona yana wurin sabuntawa, sun ce farkon Agusta. Na yanki tikitin ranar sha biyu. Ka jira ni.

'Yarka


22 ga Yuli

'Yata Karambani,

Salamu alaikum. Rubutun na Auta ne, bakin nawa ne, hannun ya ajiye aiki. In kin ga maganar da ba ta yi kama da tawa ba, ita ta cusa. (Ban cusa komai ba. Auta.)

Lafiya, ga yadda take. An yi mini ƙarin ruwan nan sau biyu. Ɗaki ne mai kujeru takwas, kowa da sandarsa da ledarsa a rataye, kamar dashe a layi. Ciwon bayan ya ɗan lafa. Abinci ba ya shiga, komai ɗanɗanon ƙarfe. Likita ya ce a dakata da na uku sai jini ya farfaɗo. Na san irin wannan dakatawar. Ni ma nakan ce wa mutum "bari mu ga sati mai zuwa" in na san dashen ba zai tashi ba.

Yanzu ki saurara, don ba na so ki ɗauki kayan da ba naki ba. Ba ke kika karanta a karkace ba, ni na rubuta a karkace. Likita na riga na tambaya tun Janairu, ya ba ni amsa, amsar ba ta yi mini ba. Sai na zauna ina tunanin wa zai ba ni amsar bishiya, na tuna ina da 'ya. Da na ce miki hammatata ce, na san abin da za ki ce.

Amma ba wayo ne zalla ba. Da amsarki ta zo, na yarda da ita har zuciya. Shekara arba'in duk inda na ga nama ya taru a jikin itace, gyara yake yi, ko ƙullutu ban taɓa ganin ya kayar da babbar bishiya ba. Na daɗe a cikinsu har na ɗauka ni ma haka aka yi ni. Kuma ina tsoron wuƙa. Ki yi dariya in kina so, Auta ta yi. Na yanka itace ya fi dubu goma, na san yadda hannu yake kuskurewa.

Layin ban soke ba. Gaskiya ne, don me zan soke shi? Na dai sa Auta ta rubuta a gefensa: ban da mutum.

Ina da tambaya, wannan karon babu ɓoye-ɓoye. Cikin talatin da ɗayan nan naki, wacce ce mai cewa ya isa haka? In kin zo ki nuna mini ita a taswira.

Yau da safe na yi aure arba'in, mangwaro. Ni na fere da hannun hagu a zaune, Auta ta riƙe ta ɗaure. Ɗaurin tela ne, ya fi nawa kyau, amma kada ki gaya mata. (Ni nake rubutawa, Baba.) Kwana ashirin da ɗaya ake kwancewa, kin sani, a kan dashena kika koya. Ki ƙirga daga yau, zai faɗa ranar sha biyu ga Agusta. Sai da na duba kalanda kafin in ɗauki wuƙa. Ke za ki kwance su, wannan karon a kan lokaci, ni kuma ina kujera ina kallo.

Kawunki


4 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Shekaranjiya na faɗa miki a waya, amma kuka bai bar mu mun ji juna ba. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki don ta same ki kafin ki taso.

Da hantsi Baba ya rasu, a gida, a kan gadonsa da muka jawo kusa da taga don ya riƙa ganin rumfa. Bai wahala sosai a ƙarshe ba, barci ya fi yawa. A ranar aka kai shi. Mutanen da ya yi wa dashe sun zo da yawa, wani tsoho ya ce duk inuwar layinsu daga hannunsa ta fito.

Takardunki biyu suna aljihun rigar nan da na ƙara wa hannu inci biyu. Na bar su a ciki.

Abu ɗaya na ji a waya, kin ce ko ki fasa zuwa tunda ba za ki same shi ba. Kada ki fasa. Ban gama jin haushinki ba, gara in gaya miki. Wani lokaci ina kan keke sai in tuna watan Maris, in taka har allura ta karye. Sannan in tuna ni gida ɗaya nake da shi, ni nake wanke masa riga, wata bakwai ban gani ba. To mu biyu ne. Ki zo mu zauna.

Akwai abin da nake so ki sani. Kwana tara da yin auren, ranar da ya daina iya tashi, ya ce in ɗauko masa ɗaya daga cikin dashen. Na kawo na ɗora a kujera kusa da gado.

Ya ce, "Kwance."

Na ce, "Baba, saura kwana goma sha biyu."

Ya ce, "Na iya ƙirga. Kwance."

Na ce, "Zai mutu fa. Kai ka ce."

Ya ce, "Zai mutu. Wata ta kashe mini goma sha biyu, ni ba za a yafe mini ɗaya ba?"

Na warware ledar a hankali. Ya sa na ɗora masa tabarau, ya sa na ɗan raba reshen da gindin. A bakin yankan akwai wani farin abu siriri, jiƙaƙƙe, kamar bakin ƙyallen da ya tsefe. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara arba'in bai taɓa ganinsa ɗanye haka ba, kullum sai ya gama aikinsa yake buɗewa. Sannan ya ce, "Wannan ya san inda zai tsaya." Bai sake wata doguwar magana ba.

Wancan ya bushe. Saura talatin da tara. Ina ba su ruwa da safe yadda ya nuna mini. Wasu idon tohonsu ya fara kumbura ƙarƙashin leda, hannuna yana ta ƙaiƙayi amma ban taɓa ba, ban ma san yadda ake gane wanda ya kama ba. Wuƙarsa tana kan benci, na goge ta na naɗe a ƙyalle. Ki zo da taswirar duk da haka, ni ki nuna mini.

Ranar sha biyu, in jirginki ya sauka da wuri, ki wuce lambu kai tsaye kafin rana ta yi zafi.

Auta